Sunan Bubayero a Ƙarshen Waƙa

A layinmu na Mile 2 Diobu a Fatakwal babu wanda bai san Bubayero mai caji ba, kuma ba don kirkinsa aka san shi ba. Rumfar abincina tana manne da kwantenarsa, kwano ɗaya ne ya raba mu, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Sunana Ann, 'yar Zonkwa ce ni, amma a nan Maman Mak ake kira na. Shekara da shekaru ina tuƙa tuwo ina sauraron mutumin nan, kuma har yau kunnena bai saba ba.

Mutumin Kumo ne ta ƙasar Gombe. Dogo ne siriri, da ɗan gemu da yake shafawa duk lokacin da zai faɗi abin da ya ɗauka hikima ce. Ya zo Fatakwal yana saurayi ya kama okada. Da aka hana okada a cikin gari sai ya sayar da babur ɗin, ya sayi janareta da wata tsohuwar kwamfuta, ya zauna yana yi wa mutane cajin waya yana tura musu waƙoƙi a memori. Masu tura baro, masu yankan farce, 'yan ga-ruwa, duk a wurinsa suke barin wayoyinsu da safe su karɓa da yamma. Sana'a ce mai rufin asiri, da ya tsaya a kanta da ban ce komai ba. Amma Bubayero bai taɓa ɗaukar kansa mai caji ba. A ganinsa shi mutum ne da aka ambata a waƙa.

Ga yadda abin ya faru. Akwai Aslam Kuraye, mawaƙin soyayya na kiɗan fiyano, wanda yau ake sa waƙoƙinsa a biki tun daga Sakkwato har nan bakin ruwa. Lokacin da ba wanda ya san shi, an taɓa gayyato shi wani biki a unguwar Borokiri nan Fatakwal, aka tashi aka watse aka bar shi a bakin titi ana ruwan sama. Bubayero ya ɗauke shi a okada ya kai shi tasha, ya kuma bar masa rigar ruwansa. Shi ke nan fa. Tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba. Da Aslam ya koma gida ya fitar da wata waƙa mai suna Agogon Bango, a ƙarshenta ya yi gaisuwa kamar yadda mawaƙa suka saba, ya gai da mai sutudiyo, ya gai da mai kiɗa, ya gai da wata hajiya ta Kano, sannan can kiɗa na mutuwa ya ce, "Bubayero mai okada na Diobu, ina gaisuwa."

A kan wannan numfashi guda Bubayero ya gina rayuwarsa. Da shi ya nemi aure, da shi yake shiga layi a gaban mutane, da shi yake katse dattijo yana magana. Ruwan saman nan kuma duk shekara ƙaruwa yake yi. Da na fara jin labarin yayyafi ne. Daga baya ya kai gwiwa. Bara na ji yana faɗa wa wani baƙo cewa sai da ya goya Aslam a baya ya haye kwata da shi.

To ai da waƙar tana da daɗi da sauƙi. Agogon Bango ita ce waƙa mafi muni da Aslam ya taɓa yi, wannan ko uwarsa ba za ta musa ba. Saurayi ne wai yana kallon agogo yana jiran budurwa, aka bi aka cika waƙar da ƙas-ƙas ɗin agogo daga farko har ƙarshe, muryar kuma an matse ta da inji ta fito kamar mai magana cikin bokiti. Duk wanda ya kawo memori a tura masa ko da karatu ne, sai ya je gida ya tarar da Agogon Bango a ciki. Bai roƙa ba, an dai ba shi.

Ranar Lahadi da yamma, bayan mun dawo daga coci, leburori kuma aiki ya yi sauƙi, ake zaman majalisa a bencina. Aikin majalisar ɗaya ne, jera waƙoƙin Aslam daga wadda ta fi zuwa wadda ta fi lalacewa. Kada ka raina wannan aiki. Mutumin ya daɗe yana waƙa, ya yi zamanin kaset, ya yi na sidi, ya yi wasu shekaru yana bin 'yan siyasa yana ɓata mana rai, sannan ya dawo hayyacinsa. Kowa da zamanin da yake so, kuma na ga an kusa dambe a kan wace ce za ta hau ta uku.

Nehemiah, wani ɗan Kagoro mai gadi a wani kamfani, shi a wurinsa Aslam ya ƙare tun ranar da ya yi aure. "Mutumin da aka ba shi yarinyar, me zai ƙara faɗa mana?" in ji shi. Waƙar Gyale Mai Ruwan Toka ce tasa, ba ya matsawa. Ni Sallamar Yamma nake so, don ita ce kawai waƙar da macen take rama magana. Amma idan gardama ta lafa, kusan kowa yana komawa kan Tagar Mota. Waƙar wani ne da ya shiga mota zai tafi neman abinci, yana leƙen garinsu ta taga har ya ɓace masa. A layin da kowa ya bar wani a gida, ba sai an yi maka bayani ba. Yelwa mai tura baro, ƙaton mutum da yake ɗaga buhun shinkafa da hannu ɗaya, idan aka sa ta sai ya juya mana baya ya kama gyaran tayar baronsa.

Sai Shugaba ya shafa gemu. Eh, Shugaba, Bubayero ke nan, shi ya naɗa kansa, ba wanda ya zaɓe shi.

"Ku ba ku san waƙa ba," zai ce. "Ku kunne kawai gare ku. Ni na san mutumin. A bayana ya zauna."

"Shugaba, abeg," in ji Nehemiah, "ƙas-ƙas ɗin nan fa? Ni idan na ji ta sai in ga kamar na makara aiki."

"Wannan ƙas-ƙas ɗin bugun zuciya ne. Sai mai zurfin tunani."

"Malam Bubayero," na ce masa wata rana, "tsakaninka da Allah, da babu sunanka a ciki, ta nawa za ka sa ta?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Maman Mak, ki kula da miyarki."

Kullum haka ake tashi. Majalisa ta sa Agogon Bango a ƙasan ƙasa, shi ya sa ta a sama, ya kunna ta da ƙarfi don ya kore mu, idan aka zo wurin gaisuwa ya ɗaga yatsa a yi shiru. Ban taɓa ganin babban mutum yana jiran sunansa da irin wannan yunwa ba. Abin yana ba ni haushi, ba na ɓoyewa.

Ana nan sai Aslam ya yi sanarwa cewa zai cika shekara ashirin yana waƙa, kuma zai sake rera wasu tsofaffin waƙoƙinsa da sabon kiɗa. Masoya ne za su zaɓa, kowane yanki waƙa ɗaya. Mu na kudu, Fatakwal da Anacha da Inugu, guruf ɗaya muke a Watsaf, kuma wanda ya buɗe shi yake riƙe da shi wani Hafizu ne mai sayar da albasa a kasuwar Ochanja ta Anacha. Hafizu ya jera waƙoƙin a guruf, kowa ya taɓa wadda yake so da wayarsa, wadda ta fi samun mutane ita zai aika wa mutanen Aslam.

Kowa ya san Tagar Mota ce za ta ci. Hafizu kansa ya yi saƙon murya yana cewa ya sa Agogon Bango ne kawai don kada wani dattijo a Fatakwal ya yi kuka. Aka yi ta dariya har Inugu. Bubayero ya saurari saƙon a gabana, ya sake saurara, fuskarsa ta yi tamau.

Kwanakin farko kamfe ya yi, irin na 'yan siyasa. Wanda ya ce Agogon Bango, a tura masa fim kyauta. Wanda ya ce Tagar Mota, sai a ce masa soket ya cika. Ya bi masallaci, ya bi teburin mai shayi, har ƙofar cocinmu na gan shi yana tare matasa, mutumin da ko gaisuwar Kirsimeti bai taɓa yi mini ba. Duk da haka abin bai motsa ba. Mutane sun karɓi fim ɗinsa sun je sun zaɓi abin da suke so.

Daga nan ne na fara ganin wani abu ta ramin kwanon da ya raba mu. Da hantsi, idan layi ya yi tsit kowa ya tafi nema, sai ya jawo ƙofar kwantena rabi, ya bi wayoyin da ke caji ɗaya bayan ɗaya. Ai duk ya san yadda ake buɗe su. Shi yake tura musu waƙa, shi yake gyara musu idan ta rikice, wasu ma shi ya sa musu makullin. Ya buɗe, ya shiga guruf, ya cire zaɓin mai wayar ya taɓa Agogon Bango, ya mayar da ita kan caji. Wanda ba ya cikin guruf ɗin ma ya nemo hanya ya cusa shi. Mutane suna can cikin rana suna tura baro, shi yana nan a inuwa yana sauya musu ra'ayi.

Na leƙa na ce, "Malam Bubayero, amanar mutane ce fa a hannunka."

"Wayar wa na sata?" ya ce, ko kunya babu. "Gyara nake yi musu. Ba su san abin da suke so ba."

Na faɗa wa Nehemiah, Nehemiah ya faɗa wa Yelwa. Da yamma Yelwa ya zo ya karɓi wayarsa, ya ba Nehemiah ya duba masa, don shi ba ya karatu. Aka tabbatar masa. Na ɗauka zai kifar da kwantenar, har na janye tukunyata. Amma a hankali ya yi magana.

"Shugaba, ni fa ban taɓa zaɓe ba a rayuwata. Katin zaɓena yana ƙauye. Wannan ne na farko da na dangwala da hannuna."

"To ka sake dangwalawa mana, wetin?"

"An rufe ɗazu," in ji Nehemiah.

Yelwa ya juya ga Bubayero. Sannan ya ce, "Oga, kai ko tunani ba ka yi ba? Idan ya sake waƙar, gaisuwar ma ai sabuwa zai yi."

Bubayero ya yi dariya har da buga cinya. "To ai shi nake so! Har yaushe za a yi ta ce mini mai okada? Yanzu Shugaban Masoya na Kudu zai ce."

Yelwa ya sa wayarsa a aljihu ya tura baronsa. Daga ranar wurin wani Ibo a bakin kasuwa yake kai caji, da shi da rabin masu baro. Majalisar Lahadi ta mutu. Ni na yi asarar masu cin tuwo, kuma duk wanda ya taɓa mini kasuwa ba na manta masa.

Agogon Bango ta ci. 'Yan Anacha suka ce an yi maguɗi, 'yan Inugu suka ce Fatakwal ruwan gishiri ya shiga kunnuwansu, wasu suka fice daga guruf. Hafizu ya ce shi ba zai zama alƙali ba, abin da waya ta nuna shi zai aika, ya aika. Bubayero kuwa sai ka ce an ba shi kujerar Makka. Ya sa aka sake fentin kwantena. Ya nemo lambar wani da aka ce yana aiki da Aslam, ya dinga aika masa saƙon murya, dogaye, yana cewa a tuna wa Aslam ruwan sama da rigar ruwa, yana bayanin yadda yake so a jera sabon laƙabin. Ina jin sa ta bayan kwano yana yi yana gogewa yana sakewa don muryar ta fito da nauyi. Ba a taɓa amsa masa ba. Ya ce manyan mutane haka suke, aiki suke nunawa.

Ranar da waƙar za ta fito ya yi hayar babbar sifika, ya sa babbar riga fara a wannan zafi na Fatakwal, ya jera kujerun roba. Matarsa Halimatu Sadiya, baiwar Allah mai haƙuri, ta soya cincin ta kawo. Mutane sun taru fiye da yadda na zata. Ba ƙaunarsa ce ta kawo su ba, gulma ce, ni ma ita ta sa na rage wuta na fito.

Aka kunna. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, waƙar ta yi kyau. An cire ƙas-ƙas ɗin, an sa kalangu da wani kiɗa mai sauri, muryar Aslam ta manyanta ta yi kauri. Nehemiah da ya zo don ya yi dariya sai ga ƙafarsa tana motsi. Bubayero ya dinga juyawa yana kallonmu ɗaya-ɗaya, wai mu ga abin da ya daɗe yana faɗa. Da kiɗa ya fara sauka ya miƙe tsaye, ya gyara hannun riga, ya ɗaga yatsa.

Aslam ya gai da wani alhaji mai gidajen mai. Ya gai da wata hajiya mai kayan mata a Abuja. Ya gai da wasu yara masu rawa a waya da ban taɓa jin sunansu ba. Yatsan Bubayero yana sama. Sannan ya ce, "Masoyana na kudu da suka zaɓi wannan waƙa, Hafizu mai albasa na Ochanja, ina gaisuwa." Kiɗa ya ɗauke.

Hafizu fa. Mutumin da ya ce don tausayi ya sa waƙar a layi. Shi ya aika sakamakon, sunansa suka gani, sunansa suka rera.

Wani ya fashe da dariya a baya, sai kowa ya kama. Ni ma na yi, har da riƙe ciki, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Bubayero ya ce an yanke waƙar ne, wannan ba cikakkiya ba ce, akwai doguwa tana zuwa. Ya mayar baya ya sake sa wurin gaisuwar. Ya sake. Halimatu Sadiya ta tattara farantinta ta tafi gida ba ta kalli kowa ba. Ita ce kaɗai ta ba ni tausayi a ranar.

Doguwar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne farin jini. Sabuwar Agogon Bango ta kama gari kamar ba a taɓa waƙa ba. Masu keke 'yan Ibo da ba su jin ko "zo" suna sa ta. An yi rawarta a bikin 'yar Nehemiah. Waƙar da a da idan aka ambace ta kowa ya san ta Bubayero ce, don ba wanda yake son ta sai shi, yanzu ta zama ta kowa, kuma idan aka ce Agogon Bango sabuwar ake nufi. Da ya bar ta a ƙasan layi inda Allah ya ajiye ta, da har gobe ita kaɗai ce, da sunansa a jikinta. Shi da hannunsa, da wayoyin mutane, ya je ya tono ta.

Kuma sana'arsa tura waƙa ce. Duk wanda yake son sabuwar wurinsa yake zuwa. Da farko ya ce ba shi da ita. Ya ga ana wucewa wurin Ibon bakin kasuwa, ga haya ga yara, sai ya samo ta. Yanzu daga safe zuwa yamma aikinsa ke nan, yana raba wa mutane sunan Hafizu.

Kwanan baya wani magidanci ɗan ga-ruwa, sabon zuwa daga wajen Haɗeja, ya kawo wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. Ina wanke kwanuka ina jin su. Ya yi sallama, ya gaishe shi da ladabi, ya ce a sa masa Agogon Bango.

Bubayero ya duba ya ce, "Memorinka ya cika. Kuma ai kana da ita." Muryarsa ta ɗan tashi. "Ta asalin ce ma a nan."

"Ita ce tsohuwar, ranka ya daɗe. Goge ta ka sa sabuwar."

"Ka taɓa saurarenta har ƙarshe?"

"Na sha ji."

"Ka san wanda ake gaisarwa a ƙarshen?"

Mutumin ya ɗan yi tunani. "Wani mai okada ne, ko? Ai an daɗe. Ƙila ma ya rasu, Allah ya jiƙansa."

Na tsaya da kwano a hannu ina jiran ruwan sama ya fara zuba, da kwata, da goyo. Shekara nawa ina jiran ranar da mutumin nan zai rasa abin faɗa, ga ta ta zo, kuma ban ji daɗin da na zata zan ji ba. 

"Amin," in ji Bubayero, ya goge.